DARIYA DA DAMBE: Yadda Japanawa su ka yi makokin ɗan damben da aka zana a takarda

A ranar 24 ga Maris, 1970, ɗaruruwan mutane su ka yi cincirindo a babban zauren kamfanin ɗab'i na Kodansha da ke birnin Tokyo, ƙasar Japan. Akwai ɗaliban jami'a, akwai ma'aikata, akwai yara 'yan makaranta. An kafa dandalin dambe a cikin zauren, an kira malamin addinin Buddha ya yi irin addu'o'in su. Sunan mamacin Rikiishi Toru, ɗan damben boksin. Abin da zai ɗaure maka kai, mai karatu, shi ne wannan Rikiishi ɗin babu uwar da ta haife shi. Zane ne kawai a cikin wani labari mai suna Ashita no Joe, wato Joe Na Gobe, wanda ya ke fitowa duk mako a wata mujallar matasa. Marubucin ya kashe shi a labari, jama'a su ka kasa daurewa, har wani shahararren marubucin wasan kwaikwayo mai suna Terayama Shuji ya shirya masa wannan taro.

Mu dai a nan ba za mu yi wa zane zaman makoki ba, wannan al'adar su ce. Amma ga duk mai sha'awar harkar fim akwai tambaya a ciki. Wane irin rubutu ne zai sa mutum mai hankalin sa ya bar aikin sa ya tafi ta'aziyyar wanda bai taɓa numfashi ba? Kuma me ya sa 'yan barkwancin mu na talbijin, waɗanda mu ka shafe shekaru mu na kallo duk mako, ba kasafai labarin su ya ke riƙe zuciya irin haka ba? Wannan musu ne da ke tashi a majalisun samari 'yan kallo, musamman yanzu da wayar hannu ta kawo mana katun ɗin Japan har cikin ɗaki. Wasu sun tsaya a kan cewa barkwanci aikin sa dariya, shi ke nan. Wasu kuma su na ganin ana cutar 'yan barkwanci da rubutun da ba shi da gobe. Bari mu bi abin daki-daki.

WAI MENE NE MANGA?

Manga shi ne sunan da Japanawa ke kiran littafin labari cikin zane. Yawanci baƙi da fari ne, kuma daga dama ake karanto shi zuwa hagu, kamar yadda mu ke karanta ajami. A can ba yara kaɗai ke karanta shi ba. Magidanci da kwat ɗin sa zai buɗe a cikin jirgin ƙasa ya na karantawa, ba wanda zai kalle shi.

Ashita no Joe ya fito a mujallar Weekly Shonen Magazine daga 1968 zuwa 1973, daga baya aka tattara shi cikin littattafai 20. Mutum biyu ne su ka yi aikin. Mai labari shi ne Kajiwara Ikki, amma a nan ya sa sunan Takamori Asao, domin a lokacin ya na da wani labarin na ƙwallon besbol da ke tashe a cikin mujallar guda. Mai zane kuma shi ne Chiba Tetsuya, wanda aka haifa a 1939. Masu cewa zane kayan yara ne su ji wannan: a 2024 gwamnatin Japan ta ba Chiba babbar lambar girmamawa ta al'adu, kuma shi ne mai zanen manga na farko da ya same ta.

YARON DA YA FAƊO UNGUWAR TALAKAWA

Jarumin labarin, Yabuki Joe, maraya ne ɗan tasha, ba gida ba dangi. Yawon sa ya kai shi wata unguwar leburori a Tokyo, irin wadda ake kwana a ɗakunan haya na kwabo da ɗari. A nan ya haɗu da Tange Danpei, wani tsohon ɗan dambe mai ido ɗaya wanda giya ta gama da shi. Tsohon ya ga yadda yaron ya tarwatsa wasu 'yan daba, nan take ya liƙe masa, wai sai ya mai da shi zakara.

To, ga inda da yawa ba su sani ba. Farkon wannan labari kusan barkwanci ne zalla. Joe ba dambe ne a gaban sa ba, damfara ce. Ya tara yaran unguwa su na bin sa kamar jela, ya na cin kuɗin tsohon ya na yi masa ƙaryar atisaye, har ya shirya wata damfara ta neman taimako da sunan marayu. Ƙarshen ta dai aka kama shi aka kai gidan horon kangararrun yara. A can ma bai daddara ba. Dabarar da ya ƙirƙiro ta gudu ita ce ya saki garken aladun gidan su banke ƙofa shi kuma ya bi ta. Wallahi in ka ga shafukan nan sai ka rantse camama ka ke kallo. Ana cikin wannan hargitsi sai wani fursuna ya tsaya a gaban garken ya na zubar da aladu da naushi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya shimfiɗe Joe. Wannan shi ne Rikiishi.

Daga nan Joe ya samu abin da bai taɓa samu ba a rayuwar sa: mutumin da ya ke so ya kai. Tsoho Danpei ya riƙa aiko masa da darussan dambe a rubuce a katin wasiƙa, darasi na farko shi ne yadda ake sakin gajeren naushin hagu. Da ya fito, su ka kafa wurin atisaye a wata 'yar rumfar katako a ƙarƙashin gadar da ake kira Namidabashi, wato Gadar Hawaye.

KISAN DA YA ZAMA NA GASKE

A damben mu na gargajiya, in an ce wane ya yi kisa, ana nufin ya kai abokin karawar sa ƙasa. Wanda aka kashe zai tashi ya karkaɗe jiki, gobe ma a gan shi a fage. A labarin Joe kisan bai tsaya nan ba.

Abin ya samo asali ne daga wani kuskure na zane. Tun farko Chiba ya zana Rikiishi da jiki ya fi na Joe girma sosai. Shi kuwa damben boksin aji-aji ne bisa nauyi, ba a haɗa babba da ƙarami. Maimakon su basar su ci gaba kamar ba a yi ba, sai marubutan su ka mai da kuskuren ya zama labari. Joe ya na ajin bantam, wanda iyakar sa kilo 53 da rabi. Rikiishi ya na ajin da ke sama, mai iyakar kusan kilo 57, kuma ko can ɗin ma matse jikin sa ya ke yi. Don ya cika alƙawarin karawa da Joe, sai ya ce zai sauko.

Shafukan rage nauyin nan su ne su ka girgiza Japan. Mutum ya daina cin abinci sai ɗan abin da ba a rasa ba, ya daina shan ruwa, har aka ɗaure kawunan famfo da waya don kada ƙishirwa ta rinjaye shi cikin dare. Wani dare ya fita hayyacin sa ya na neman ruwa. Shiraki Yoko, jikar attajirin da ke da kulob ɗin, ta miƙa masa kofin ruwan ɗumi. Ya karɓa, ya dawo cikin hankalin sa, ya zubar da shi a ƙasa. A wannan zangon ne kuma aka saka abin dariya. Abokin Joe, wani ƙato mai suna Nishi, shi ma an sa shi rage nauyi, sai ya saci jiki cikin dare ya tafi wurin mai taliya. Joe ya kama shi, ya zuba masa naushi a ciki, taliya ta fito ta hanci. Za ka yi dariya, amma kafin ka rufe baki ka tuna da wancan da ya zubar da ruwa, sai dariyar ta maƙale.

Ranar karawa Rikiishi ya hau dandali kamar ƙwarangwal. A turmi na takwas ya ɗauke Joe da naushin ƙasan haɓa, ya ci wasa. Joe ya miƙa masa hannu su gaisa, hannun bai kai ba Rikiishi ya kife. Yunwar da ya sha, da naushin da ya same shi a gefen kai, da buguwar ƙeyar sa a jikin igiya lokacin da ya faɗi, su su ka haɗu su ka kashe shi.

Marubutan ba su dawo da shi ba, ba su ce mafarki ne ba. Joe ya ɗauki wannan gawa a zuciyar sa har ƙarshen littafi. Ya koma dambe amma hannun sa ya ƙi zuwa fuskar kowa, ranar da ya tilasta wa kan sa kuwa sai ga shi ya na amai a tsakiyar dandali. Tasirin labarin ya kai inda mako guda bayan wancan makoki, ranar 31 ga Maris, 1970, da wasu matasa tara masu tsattsauran ra'ayin gurguzu su ka yi fashin jirgin saman Japan zuwa Koriya ta Arewa, sai da su ka kamanta kan su da Joe a cikin sanarwar su. Washegari, 1 ga Afrilu, aka fara nuna katun ɗin labarin a talbijin, wanda darakta Dezaki Osamu ya ja ragamar sa.

TO, INA 'YAN BARKWANCIN TALBIJIN?

Yanzu mu juyo ga namu. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san sunan Samanja Mazan Fama, ko bai riski lokacin ba ya ji a bakin iyaye. Usman Baba Pategi tsohon soja ne na gaske, shi ya sa tsawar sa da gurɓatacciyar Hausar barikin sa ba kwaikwayo ba ne kawai. A zamanin da farar hula ke ganin kaki ya canza hanya, Samanja ya sa mutane su na dariyar soja a cikin falon su. Ga Ƙasimu Yero na Karambana, wanda 'yan Kudu su ka sani da Uncle Gaga a shirin Cock Crow at Dawn. Ga Karkuzu na Bodara daga Jos. Daga Legas ga Papa Ajasco mai marin sanƙon sa, wanda shi ma, abin sha'awa, a zanen mujallar Ikebe Super ta Wale Adenuga aka haife shi kafin ya shiga talbijin a shekarun 1990. Daga Ingila kuma ga Mind Your Language na 1977, ajin da Mista Brown ke fama da ɗalibai baƙi, ga kuma uban tafiya Mista Bean.

Dukkan su tsari ɗaya su ke bi. A farkon shiri ɗan wasa zai jawo rigima, a tsakiya ta cakuɗe, a ƙarshe ta fashe a kan sa. Mako mai zuwa an share allo. Mista Bean bai taɓa koyon darasi ba. 'Yar motar nan shuɗiya mai ƙafa uku da ya ke turewa, gobe ma za ta dawo ya sake ture ta. Ɗaliban Mista Brown sun shekara uku a aji, Turancin su na nan inda ya ke. Da finafinan bidiyo su ka zo, marigayi Rabilu Musa Ibro ya gaji wannan tsari ya kai shi ƙololuwa: yau shi ne direba, gobe malami, jibi ɗan sanda, amma kullum Ibro ne, kuma abin da ya same shi a kaset ɗin jiya bai biyo shi na yau ba.

RA'AYI RIGA

Masu kare wannan tsari su na da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Su na cewa talaka ya wuni a rana, ya dawo ga kuɗin cefane ga na makaranta, in ya zauna gaban akwati ba ya neman wanda zai ƙara masa nauyi. Daɗin Samanja shi ne ka san Samanjan da ka bari makon jiya shi za ka tarar. Su na kuma kafa hujja da Mista Bean: kashi 15 kacal Rowan Atkinson ya yi, tsakanin 1990 da 1995, amma har gobe in aka kunna shi a shagon aski sai an manta da layi. Ba ya buƙatar fassara, ba ya buƙatar ka san abin da ya faru a baya. Shi kuwa Joe, in ba ka faro daga farko ba, mutuwar Rikiishi ba za ta taɓa ka ba. Kuma sa mutum dariya ba wasa ba ne. Jarumai nawa ne za su iya kuka a gaban kyamara, amma a ce su ba da dariya na minti biyar su kasa?

Ɗaya ɓangaren kuma su na cewa duk wannan gaskiya ne, amma a duba abin da aka rasa. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023, Karkuzu a 2025, Ibro tun Disambar 2014. Jama'a sun yi jimamin su ƙwarai, domin mutane ne da su ka shiga ran mu. Sai dai in ka ce wa matashi ya ba ka labarin Samanjan cikin shiri, daga ina ya faro, me ya ke nema a rayuwa, a ina ya ƙare, sai ya yi shiru. Zai tuna tsawa, zai tuna gashin baki, amma babu labarin da zai ɗauka ya ba ƙanen sa. Rikiishi kuwa sama da shekara 50 da mutuwar sa, yaron da aka haifa jiya a Japan zai iya gaya maka dalilin da ya sa ya zubar da kofin ruwan nan.

Ni a nawa ganin, ɓangare na biyu sun fi kusa da gaskiya, amma ba don dambe ya fi barkwanci daraja ba. Sirrin Ashita no Joe shi ne da dariya ya fara kama mai karatu. Sai da mu ka yi dariyar aladu, mu ka yi dariyar tsoho mai ido ɗaya, mu ka saba da mutanen nan kamar 'yan unguwar mu, sannan aka taɓa ɗaya daga cikin su. Da tun shafin farko kuka aka faro da shi, da babu wanda zai je zauren Kodansha. Abu na biyu, duk abin da ya faru a labarin ya zauna daram, ba a share allo.

AN TAƁA YI A BARKWANCI

Kada wani ya ce ai barkwancin talbijin ba zai ɗauki wannan ba. An yi, kuma shi kan sa Rowan Atkinson ne ya yi. A 1989, kafin Mista Bean, ya fito a wani shirin BBC mai kashi shida, Blackadder Goes Forth, a matsayin kyaftin ɗin sojan Birtaniya a ramin daga lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Duk mako dabarar sa ɗaya ce, yadda zai zille wa fagen fama. A kashin ƙarshe har kamfai ya kifa a ka, ya cusa fensir biyu a hanci, wai ya haukace. Dabarar ba ta ci ba. Aka busa usur, shi da abokan sa da aka yi makonni ana dariyar su su ka fito daga rami su ka nufi bakin bindiga. Hoton ya dushe, sai fili cike da jajayen furanni. Har yau Turawan Ingila na lissafa wannan a cikin fitattun ƙarshen shiri da aka taɓa yi masu.

A Amurka ma, masu kallon The Fresh Prince of Bel-Air ba su manta da kashin 1994 ba, inda mahaifin Will ya dawo bayan shekara 14, ya yi masa alƙawarin tafiya tare, sannan ya sake sulalewa. Will Smith da aka saba gani ya na tsalle-tsalle ya fashe da kuka a ƙirjin Uncle Phil. Shirin bai daina zama na barkwanci ba, mako na gaba an ci gaba da dariya, amma daga ranar kallon da ake yi wa yaron ya canza.

A gida ma an fara taka wannan hanya. Gidan Badamasi na darakta Falalu Ɗorayi, wanda tashar Arewa24 ta nuna, barkwanci ne mai labari a jere: tsoho mai dukiya, 'ya'ya rututu, kowa ido a kan gado. Abin da aka shuka a wannan kashi ya na tsirowa a na gaba, shi ya sa 'yan kallo ke jiran sati ya zagayo har da musu a kan wanda zai yi nasara.

YADDA JOE YA ƘARE

Wanda ba ya so a ɓata masa labari ya yi haƙuri ya tsallake nan. Bayan Rikiishi, wani ɗan damben Benezuwela mai fara'a, Carlos Rivera, shi ya dawo wa Joe da ƙwarin gwiwa. Daga baya Carlos ya dawo ƙwaƙwalwar sa ta taɓu saboda yawan shan naushi, ko maɓallin riga ba ya iya sawa da kyau. Joe ya gane shi ma ciwon ya fara kama shi. Yoko ta roƙe shi kada ya hau, ta faɗa masa abin da ke zuciyar ta, ya ƙi. Ya kara da zakaran duniya Jose Mendoza na Meziko a zauren Budokan, turmi 15 cur. Alƙalai su ka ba Mendoza, amma ya sauka gashin kan sa ya yi fari fat saboda firgici. Joe ya cire safar damben sa ya miƙa wa Yoko. Shafin ƙarshe shi ne Joe zaune a kan kujerar kusurwa, kai a sunkuye, ido a rufe, ya na murmushi, an zana shi fari kamar toka. Ya mutu ne ko suma ya yi? Tun 1973 ake wannan musu.

Labarin bai kwanta ba. An yi katun na biyu a 1980, an yi fim da mutane a 2011 inda Yamashita Tomohisa ya fito a Joe, an yi Megalo Box a 2018 don cikar sa shekara 50, sannan a ƙarshen 2024 Kodansha ta fara fitar da shi da Turanci. Mai son dubawa ya sani akwai shaye-shaye da jini a ciki, ba na ƙananan yara ba ne.

Saura ku, furodusoshi da marubutan mu. Ku na da 'yan barkwancin da in su ka ɗaga gira kawai sai an kwashe da dariya. Ku daina kiran su lokeshin ku ce “yi mana wani abu” ba tare da takarda ba. Ku rubuta masu mutum mai buri, mai abin da zai iya rasawa, ku bar abin da ya same shi yau ya bi shi gobe. In kuma labarin dambe ku ke nema, ba sai an je Tokyo ba. Ƙasar da ta haifi Shago, ta haifi Ɗan Anace da ya waƙe shi, ga gidajen dambe cike da samarin da su ka baro ƙauye da zare a hannu, ba ta rasa nata Joe ba. Masu karatu kuma, wane ɓangare ku ka ɗauka? Shafin wasiƙu na jiran ku.